Wasiƙa daga Birnin Kebbi kan batun wuta a cikin mota

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan sana'a a Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin bazara da ya kama gadan-gadan. Saƙonka ya iso. Na ji ka ce kuɗin haya ya ishe ka, za ka cire kujerun bayan Hiace ɗinka ka shimfiɗa katifa, kana tambaya yadda na yi da wutar lantarki a tawa. Ka san rabin shekara a mota nake kwana, tsakanin Aliero da Jega da Argungu da Kamba, ina bin albasa da shinkafa, don haka abin da zan gaya maka a jikina na koye shi.

Don Allah kada ka jona komai a batirin da ke tada mota. Na yi hakan da farko, na kwana da fanka a Kamba, da asuba mota ta ƙi tashi, kafin a sami masu turi kasuwa ta yi nisa. Sayi batiri na biyu, shi kaɗai zai riƙe ɗakin. A sa masa rile tsakaninsa da na inji, yadda idan mota na tafiya zai sha caji, idan ka kashe ta kuma su rabu. Kowane rewaya na bakin tasha ya san wannan aikin, kuma dalilin da ya sa nake son tsarin ke nan: in ya lalace a ƙauye, akwai mai gyara.

Kafin ka ba kowa kuɗi, zauna ka yi lissafi. Fankata mai wat 15 ce, awa 8 a dare, in ka ninka wat da awa, wat-awa 120 ke nan. Ƙwai biyu masu wat 5 na awa 4, 40. Wayoyi biyu da rediyo, ka ce 40. Duka 200 a dare. Batiri mai amfiya 100 a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake ci, in ka riƙa tatse shi ƙaf ba zai daɗe ba. To 600 ɗin nan kwana uku ne ko da rana ba ta fito ba. Na litiyam ya fi sauƙin nauyi, ya fi daɗewa, kuma ana iya cin kusan duka, sai dai tsada, kuma ba a jona shi da inji ta rile kawai, sai da cajarsa ta musamman. In jarinka bai kai ba, kada ka ci bashi a kansa.

Ni na ɗora farantin sola mai wat 200 a kan kariyar kaya ta rufin mota, da ƙaramar kwantirola mai daidaita caji tsakaninsa da batiri. A nan rana ba ta yi mana rowa, matsalarmu ƙurar hunturu ce, kullum sai na goge. Ku can hadari da ruwa sun fi yawa, saboda haka ka fi dogara da cajin inji, sola ta zama ƙari.

Inbata kuwa, wato na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida, na sayi babba na yi nadama. Ko ba ka jona komai ba tana shan batiri muddin tana kunne, ga asarar da ake yi wajen mayar da wutar zuwa irin ta gida. Na sayar da ita, na koma fanka da ƙwai da caja duk na bolt 12. Hita da dutsen guga ka manta da su, shayi a waje ake dafa shi.

Abu biyu nake roƙonka da girman zumuncinmu. Ka sa fis, wanda ke katse wuta in ta yi yawa, dab da kan batiri, kuma a yi aiki da waya mai kauri. Wata rana a hanyar Yauri siririyar waya ta narke a ƙarƙashin kujerata, Allah ne ya sa na ji ƙauri na tsaya da wuri. Sannan janareto, ban da tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, hayaƙinsa na kashe mutum yana barci. Kada ka kunna shi a cikin mota ko kusa da taga. Batirin ruwa ma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ka sa shi a akwati mai huji zuwa waje, ba a ƙarƙashin matashinka ba.

Ka auna faɗin rufin motar ka turo min kafin ka sayi faranti. In ka shigo sallah, ka zo da ita mu kai wa rewayan da ya yi min tawa. Jiya na biya ta gidanku, Inna tana lafiya, ta ce ka riƙa kira.

Wassalam,
Amininka na Birnin Kebbi