Na Gano Kakan Sholay

Kano, daren Lahadi

Aminina Bazazzage,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da dukkan mutanen Zangon Kumasi. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauka da ƙarfinsa. Leɓe duk ya tsage, Hajiya kuma ta koma kwana da kaskon wuta a ɗaki.

Saƙonka ya iso, wanda kake tambayar fim ɗin da za ka sa wa yara a hutun nan. Wata biyar ba ka ce mini ci kanka ba, sai da buƙata ta taso. Halin Zage-zagi ke nan, ba a ganinku sai an sauke tukunya. Zan zo kan tambayarka, amma ka dakata tukuna. Akwai labarin da ke cina yau kwana tara, kuma ya fi ƙarfin saƙon murya.

Na gano kakan Sholay.

Ka dai ji mutuwar Dharmendra a ƙarshen Nuwamba, yana da shekara 89. Ranar a majalisa ba a yi hirar siyasa ba, ba a yi ta ƙwallo ba, sai ta Sarkin Ƙarfi. Har mai shayi, wanda kullum yake rantsuwa bai taɓa taka silima ba, sai ga shi yana kawo labarin hawan tankin ruwa na fim ɗinsa Sholay tiryan-tiryan. Da dare na sake sa Sholay, wanda ya cika shekara 50 cif, tun da a 1975 ya fito. Washegari ina shagon yaron nan mai tura finafinai ina ta zuba yabo, sai ya ce, "Baba, ai tushen labarin nan daga Japan yake." Na ce ya kiyaye ni. Ya yi dariya, ya tura mini Seven Samurai na Akira Kurosawa, fim ɗin 1954. Baƙi da fari ne, awa uku da kusan rabi, ana Japananci, sai rubutun Turanci a ƙasan allo. Na san kai da tuni ka yi minshari, tun da duk fim ɗin da ba a hau dutse an yi rawa ba a minti ashirin na farko, barci yake sa ka. Ni kuwa ban tashi ba sai da aka kusa kiran assalatu.

Wani ƙauyen manoma ne a tsakanin duwatsu, a Japan ta ƙarni na 16. 'Yan fashi a kan dawakai suka tsaya a bisa tudu suka leƙa garin, suka yanke shawara su bari sai amfanin gona ya nuna sannan su dawo. Wani manomi yana laɓe ya ji. Gari ya taru a dandali ana kuka, wasu na cewa a miƙa wuya, wasu na cewa gara mutuwa. Dattijon garin ya ce a je a nemo mayaƙa, wato samurai, kuma tun da babu kuɗi, a nemo mayunwata, waɗanda za su yi yaƙi don a cika musu ciki. Ladan ke nan, shinkafa. Su kuma manoman da suka tafi nema suka koma cin wani irin gero, suna tattala farar shinkafar domin baƙi.

Akwai wani wuri da aka sace musu tulun shinkafar. Tsohon da aka bar wa tsaro, wani siririn mutum mai fuskar tausayi, ya durƙusa yana tsince ƙwayoyin da suka zube a kan katako, ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na rawa. A nan na tsayar da fim ɗin, na fita tsakar gida na tsaya cikin sanyi.

Ka san Kawu ya zo daga ƙauye bayan kaka. A soro ya zauna ya ba mu labarin yadda aka bi gida-gida aka yi karo-karo, aka kai wa mutanen daji kuɗi kafin su bari a yanke gero. Wanda ba shi da shi ya sayar da akuya, wani ya sayar da ƙofar ɗakinsa. Yana magana yana juya hularsa a hannu, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya, kamar shi ne ya yi abin kunya. Wallahi fuskar Kawu na gani a fuskar tsohon nan. Mutumin da ya yi fim ɗin ya mutu tun 1998, bai san Zamfara ba, bai san Katsina ba, amma ya san yadda manomi yake sunkuyar da kai in an raba shi da guminsa.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne bai mai da manoman waliyyai ba. Suna da tsoro, suna da rowa, suna ɓoye abinci a ƙarƙashin daɓe. Wani ya kama 'yarsa ya datse mata gashi da ƙarfi don ta yi kama da namiji, saboda tsoron mutanen da suka zo ceton su. Har aka gano suna da sulke da masu da suka kwashe daga jikin mayaƙan da suka gudo daga yaƙi, waɗanda su manoman suka kashe. Ran samurai ya ɓaci. Sai na bakwai ɗinsu, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, mai surutu da tsalle-tsalle da zungureren takobi, ya tashi ya zage manoman tas, sannan ya juyo kan mayaƙan ya tambaye su wa ya mai da manomi haka, in ba masu ƙona gari da kwashe hatsi ba. Ya fashe da kuka. A nan aka gane ɗan manoma ne, samurancin nasa na aro ne. Na daɗe ban ga an faɗi gaskiya mai ɗaci haka a fim ba.

Sai yaƙin kansa. Shugaban mayaƙan ya zagaya garin ya zana taswira: nan a yi shinge, nan a cika da ruwa, nan a cire gada, nan a bar ƙofa guda a buɗe don a riƙa shigo da mahaya ɗai-ɗai ana gamawa da su. Ya zana da'ira 40 a takarda, duk ɗan fashin da ya faɗi sai ya soke guda. Kana kallo kana lissafi tare da shi. Ka san inda kowa yake tsaye, ka san saura nawa. Ka kwatanta da finafinan faɗa na Amurka na yanzu, inda ake yanka hoto kamar ana yanka albasa, a rushe birni guda, ka fito ba ka san wa ya doki wa ba, kuma ba ka damu ka sani ba. Faɗan ƙarshe cikin ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, mutane da dawakai suna birgima cikin taɓo. Huɗu daga cikin bakwai suka mutu, kuma duk huɗun bindiga ce ta kashe su, babu wanda aka ci da takobi.

Af, kafin na manta, an sa ranar 'yar mai shayi bayan ƙaramar Sallah, kuma ya ce in gaya maka gudummawarka a sidi yake so, ba a naira ba. Ƙaninka ya sayi Keke Napep na biyu. Ya yi ƙiba har ya fara tafiya irin taka. Wanda muke kira Bos kuwa ya ƙara aure, majalisa ba ta gan shi ba mako uku.

To kada ka ce na juya wa Sholay baya. Ko kusa. Ramesh Sippy ya ɗauki ƙashin labarin, ƙauye da 'yan fashi da mayaƙan haya, ya rage bakwai suka koma biyu, ya sa masa tsokar da babu a na Japan. 'Yan fashin Kurosawa kusan ba su da fuska, kamar fari suke ko ambaliya. Shi kuwa Gabbar na Amjad Khan, tun kafin a nuna fuskarsa, ƙarar takalminsa a kan dutse ta isa ta sa yaran sahun gaba su yi tsit. Ka tuna a silimar Plaza yadda mutane suke faɗin maganganunsa kafin ya faɗa, da Indiyancin da babu wanda ya koya a makaranta? A wannan kallon na bana, ba faɗan ne ya tsaya mini a rai ba. Wurin nan ne da bazawarar take bi tana rage fitilu ɗaya-ɗaya da dare, Amita yana zaune daga nesa yana busa, ba wanda ya ce da wani uffan. Da kuma makahon limamin da aka kawo masa gawar ɗansa a kan doki, gari ya yi shiru, aka kira salla, ya nemi a kama hannunsa a kai shi masallaci. Muna yara waɗannan wuraren ne muke fita sayen gyaɗa.

Da na bi sawu sai na tarar abin dangi guda ne. Amurkawa sun juya labarin a 1960, The Magnificent Seven, da Yul Brynner, aka kai ƙauyen Meziko. Kiɗansa yana da daɗi, jaruman sun iya tsayuwa, amma manoman sun zama 'yan rakiya, ba ka jin yunwarsu. Wanda ya fi kusa da zuciyata a finafinan kaboyi shi ne Sergio Leone, kuma shi Ba'italiye ne. Fim ɗinsa na 1964 da ya fito da Clint Eastwood, daga Yojimbo na Kurosawa ya kwaso shi, har sai da maganar ta kai kotu. Once Upon a Time in the West na 1968 kuwa, ka duba yadda aka kashe iyalin nan a farkonsa, sannan ka duba kisan iyalin Thakur a Sholay da lilon nan mai ƙara. Jini ɗaya ne. Kuma buɗewarsa, mutum uku suna jiran jirgin ƙasa fiye da minti goma, ƙuda yana damun ɗaya, ruwa yana ɗiga a hular ɗaya, ba kiɗa ba magana, ni a wurina ta fi fim goma na harbe-harbe.

Nan ne muke rabuwa da kai a kan Indiya-Hausa. Ban raina masu fassarar nan ba, suna da kaifin baki, kuma sun kai fim ɗakin tsofaffin da a da sai dai su bi hoto. Amma ba sa barin shiru ya huta. Duk inda darakta ya yi shiru da gangan, sai an cusa barkwanci. Baahubali da RRR na Rajamouli na kalle su, na ji daɗinsu, mutumin ya iya cika ido kuma ya san inda zai sa ka tafi. Sai dai jarumin da zai ɗaga abin da mutum hamsin ba za su ɗaga ba, ba na jin tsoron za a kashe shi, kuma in babu wannan tsoron, zuciyata ba ta shiga. Na san za ka aiko mini da saƙon murya na minti tara a kan wannan. Aiko, ina jira.

Abin da ya hana ni barci bayan an gama shi ne namu. Muna da 'yan wasa, muna da masu riƙe kyamara, muna da masu kallo har can wurinku. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar daga littafin Tafawa Ɓalewa, da dawakai da hamada da komai, har aka gyara shi aka nuna a Barlin a 2018. Ba yau muka fara ba. Ina son wani daga cikin yaran nan ya bar falo da kujerun alfarma ya tafi gona, ya ɗauki labarin kaka guda ɗaya a ƙauye irin na Kawu. Taron da ake yi a ƙofar gidan mai gari, musun a biya ko kada a biya, matar da ta kwance 'yan kunnenta, saurayin da ya ce shi ba zai gudu ba. Ba sai an nuna bindiga ko sau ɗaya ba. Na san akwai tsoro, akwai tsadar aiki, akwai masu cewa mutane sun gaji da baƙin ciki, waƙa suke so. Amma Japan ma ba ta cika shekara goma da fita daga yaƙin duniya ba lokacin da aka yi Seven Samurai.

A ƙarshensa manoma suna dashen shinkafa da kiɗa da waƙa, mayaƙa ukun da suka rage suna tsaye a gindin tudu suna kallon kaburbura huɗu da takubba a soke. Ba wanda ya waiwaye su. Na so in nuna wa Kawu, har na ɗauko wayar, sai na fasa. Ban san ko zai ji sanyi ko ciwon zai tashi ba. Kai da ka fi ni sanin halinsa, me ka gani?

Dare ya yi, batirin sola ya fara kuka. In mai motar nan zai taso, ka saka wa Hajiya goro fari, ta ce na wancan karon ya bushe kafin ya iso, a naɗe shi da ganye sosai. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Fim ɗin yana da nauyi, ba zai bi ta WhatsApp ba, zan sa maka a kati in ba direban. Ka kalle shi da rana, bayan ka sha shayi, ba bayan tuwo ba.

Wassalam.

Naka har kullum,
Bakano