Zuwa ga Hauwa'u a Jidda

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da Hajiya. Mu nan Gadarif sai godiya, ƙafar Babanku ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa.

Gwaggonki ta dawo daga Umra, ta ce cikin ya shiga wata bakwai amma kin yi sakaci da awo, wai layi ya yi yawa. Ta kuma ga gwangwanin madara da kwalba cikin kayan haihuwa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da hanya lafiya take da tuni kina ɗakina, ni zan yi miki wankan jego in tsaya a kanki. Yaƙin nan na Sudan ya hana, sai takarda.

Awo ba don a duba kwanciyar ɗa da hawan jini kaɗai ake zuwansa ba. A can ake koya wa mace yadda za ta sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, da yadda zai kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, don in kan kawai ya kama sai ya tsattsage, uwa ta tsorata ta ce ba ruwa. Da can sau huɗu ake cewa a je, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi takwas. Ni da ban wuce allo ba, a bakin ungozomar awo na ji zancen ba da nonon nan ina da cikinki, na riƙe. Ke da takardar jami'a layi ne zai kore ki?

Amma ba gwangwanin ne ya fi damuna ba. Kunyarki nake tsoro. Na san ki, ko ƙafarki aka taka ke ce mai ba da haƙuri. Ga ɗan fari, ga gidan surukai. Hajiya mutuniyar kirki ce, sai dai zamaninmu ɗaya, na san abin da za ta ce: a matse dakashi a zubar wai datti ne, a ɗura masa ruwa don zafin Jidda, in ya cika kuka a ce nonon ne bai da kyau. Ke kuma ki sunkuyar da kai ki ja mayafi, yaro na ihu kina jin nauyin ɗaukarsa gaban mutane. Haka aka yi mana a kan Yayanku. Ina shekara goma sha shida, ba wanda ya tambaye ni, kin kuma san inda gudawar nan ta kai shi. Shi ya sa na yi ta rigima da dangin Babanku sai kin yi karatu, har aka yi shekara ba a gaishe ni. In ranar da ake bukatar bakinki kika yi shiru, me na sha wahalar a kai?

Dakashin nan mai ruwan ɗorawa shi ne rigakafinsa na farko, kaɗan yake zuwa don cikin jaririn ma kaɗan ne. Wata shida nono zalla, ko ɗigon ruwa, mafi yawan nonon ai ruwa ne. In an kawo Zamzam ke ki sha, zai same shi. Zuma kuwa sai ya shekara. Ki ba shi duk sanda ya nema, dare da rana, in yana jiƙa ƙunzugu kamar sau shida a yini bayan satin farko, to yana ƙoshi. Shekara biyu cikakku kuma Allah ne ya ambata a Baƙara, Hajiya ba za ta ja da aya ba.

Ban ce ki yi mata tsaurin ido ba, uwa ce. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ta ji daga bakin likita, maigidan ma ya ji. In hutun haihuwa ya ƙare kin koma aiki, ki tambaye su yadda ake tatsa a ajiye a firiji.

Kada ki ji zafin maganata, Uwata, nisa ne ya sa na yi faɗa. Na ba Alhaji mai zuwa Bur Sudan kanwa da kayan yaji na kunu, zai san wanda zai miƙo miki. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce zan kira ta ranar Juma'a. Allah ya sauke ki lafiya.

Innarki