Sanarwa: a duba indararo kafin ruwa ya sauka

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Tudun Wada, Gusau. Hadari ya fara haɗowa, don Allah kowa ya sa a hau a duba indararon gidansa. Ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro da sheƙar tsuntsaye sun cika da yawansu. In ya toshe, ruwa kwanciya yake yi a soro, ko ya bi bango ya ci gindin gini, kuma ginin ƙasa ba ya jure ruwan Agusta. Wanda ya yi tsatsa ya huje, a kira mai gyara tun yanzu. A karkata bakinsa zuwa kwata. Masu juya shi katangar maƙwabci kuwa, haba jama'a, a bari. Kada a tura yara sama.