Zuwa ga aminiyata a Kumasi, kan ciwon ɓarin kai

Assalamu alaikum, aminiyata.

Ina gaida ke da maigida da yara, da fatan kuna lafiya. Mu nan Kano alhamdulillahi, sai zafi da ya sako mu gaba.

Saƙon muryarki ya tsaya min a rai. Kwana biyu a ɗaki, labule a sauke, ko ƙarar cokali ba kya son ji! Allah ya ba ki lafiya. Na san ciwon nan, ɓari ɗaya ya riƙa sara kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya, hasken waya ma ya zama azaba. Kin tambaye ni tausar ƙafar nan da na ce ina yi, to ga yadda take.

Da zarar na ji alamar zai taso, wuyana ya ɗaure, ido ya fara ganin walƙiya-walƙiya, sai in kira ƙanwata. In tsoma ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge min, ta lakato man kaɗanya ta murza a tafin hannunta har ya narke. Daga babban yatsan ƙafa take farawa. Ta danna tsokar cikinsa da babban yatsanta, tana juyawa a hankali, ta sauko gindinsa inda ya haɗu da tafin ƙafa, ta bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a dunduniya. Kamar minti 10 kowace ƙafa, fitila a kashe, babu hira. Ta danna da ɗan ƙarfi, amma kada ya kai ga zafi. Sau da yawa kafin ta gama ta biyun barci ya kwashe ni, kin kuwa san barci shi ne babban sauƙin mai wannan ciwo.

Abin daga Amurka ya fito, suna ce masa rifileksoloji. A shekarun 1930 wata mata mai gashin ƙashi, Eunice Ingham, ta zana taswirar tafin ƙafa, ta ce kowane gurbi yana da alaƙa da wata gaɓa ta jiki, babban yatsa kuma shi ne na kai. Amma ba zan rufe ki ba: da masu bincike suka auna, ba su sami hujjar cewa wannan taswira tana warkar da wata cuta ba. Ni abin da na gani a jikina shi ne natsuwa, jijiyoyina su saki, ciwon ya zo da sauƙi. Wani lokacin kuwa ko gezau, sai magani. Don haka idan wani ya ce ki ajiye maganin likita ki biya shi kuɗin tausa, kada ki saurare shi.

Abin da ya fi damuna shi ne farasitamol ɗin da kika ce kusan kullum sai kin sha. Don Allah ki faɗa wa likita. Shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata yana iya haifar da nasa ciwon kan, ki yi ta sha yana ta dawowa. Ki kuma sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya tashi, abin da kika ci, barcin da kika samu, da kwanakin al'ada. Ta haka na gano nawa: turaren wuta mai ƙarfi da tsallake karin kumallo. Da kyar na haƙura da turaren, wallahi.

Sannan idan ciwo ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sandarewar wuya irin na sanƙarau, ko hannu ya mutu, magana ta harɗe, to ba zancen tausa, asibiti kai tsaye.

Man kaɗanya ba sai na aiko ba, za ki samu a kasuwar Kejetia. Ki koya wa babbar 'yarki, hannunta zai iya. Ki gwada na wata guda ki ba ni labari.

Umma tana gaishe ki, ta ce ki yawaita shan ruwa.

Taki har kullum,
Aminiyarki