Godiya ga ma'aikatan sashen tarin fuka da ba su rufe mana ƙofa ba lokacin korona

Assalamu alaikum. Na daɗe da wannan godiyar a raina, yau dai Allah ya yi.

A 2020 ƙanina ya yi ta tari kusan wata biyu, ga zufa da dare har sai an juya masa filo, ga rama, wandonsa ma sai da ya ƙara wa bel huda. Amma fur ya ƙi zuwa asibiti, wai kar a ce korona ce a killace shi. Mu ma gaskiya tsoron muke ji, lokacin ko atishawa ka yi a cikin mutane sai an dare.

Ku kuka kira mu fa, saboda wani abokinsa da ke karɓar magani a wajenku ya ba da lambarsa cikin waɗanda yake zama da su. Sista ta ce ya kawo kaki da sassafe a ɗan kwalba, kuma na'urar GeneXpert ɗin da ake gwada kakin da ita, a lokacin gwajin korona ya mamaye ta, amma kuka nema masa layi, ba a jima ba sakamako ya fito, tarin fuka ne. A gabana aka rubuta sunansa a babban littafin rijista, aka ba shi maganin da zai ishe shi tsawon kulle don kar zuwa ya gagara, sannan duk sati sai waya ta shigo, ya sha? yana amai? an auna nauyinsa?

Sai daga baya na gane girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tarin fuka da aka gano aka kai rahotonsu a duniya sun sauko daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020. Ba cutar ce ta ragu ba wallahi, mutane ne suka ɓuya a ɗaki suna tari suna shafa wa iyalansu, shi ya sa mace-macen ma suka ƙaru a shekarar. Ƙanina saura ƙiris ya shiga cikin waɗanda ba a ƙirga ba.

Ya gama wata shidansa cif, yanzu har ƙwallo yake bugawa. Sista, malam na lab, da baba mai ba da kati da ke ce masa "ɗana ka zo?", Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da iyalanku.