Zuwa ga Ummi, kan batun digirin digirgir

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso kan gurbin digirin digirgir da aka ba ki, na binciken yadda ƙwayoyin halittar jiki ke jin matsi da nauyi, kuma na amince ki karɓi gurbin. Kawunki yana ta faɗin me zai kai likita ɗakin gwaje-gwaje tana matsa ƙwayoyin halitta, ga asibitoci cike da majinyata. Ki bar ni da shi.

Abin da za ki bincika ba baƙo ba ne ga wanda ya yi aiki a sashen ƙashi kamar ni. Majinyacin da ya daɗe a kwance, ƙashinsa kan yi rauni ko da yana cin mai kyau. Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta cewa ƙashi yana gina kansa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka, shi ya sa 'yan sama jannati, da ƙashinsu ba ya ɗaukar nauyi a sararin samaniya, kan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na kaurin ƙashinsu duk wata. Mu iyakarmu mu ce a tayar da majinyaci ya taka. Yadda ƙwayar halitta take jin an danna ta, da abin da ke sa jijiyoyin jini tauri idan tsufa ya zo, wannan kuma naku ne.

Sai dai fagen ba na mai gaggawa ba ne. Masanin kimiyya Ardem Patapoutian da abokan aikinsa a Amurka sun bi ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya suna neman wadda ke sa ƙwayar halitta jin an danna ta. Guda 71 ba su ba da komai ba, ta 72 ce ta dace, aka sa mata suna Piezo1, a 2010. Kyautar Nobel ba ta zo masa ba sai 2021. Irin waɗannan 71 ɗin za ki fi haɗuwa da su. Ki rubuta su yadda suka fito, kada ki taɓa lamba ko ɗaya don malaminki ya ji daɗi ko don takarda ta fita da wuri. Kafin ma ki zaɓi malami, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa yadda yake idan gwaji ya ƙi.

In an ba ki zaɓin maudu'i, ki tuna da sikila. Taurin jajayen ƙwayoyin jini ne ke sa su maƙale a ƙananan jijiyoyi, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita.

Ki turo takardun da zan sa wa hannu kafin Juma'a. Mamanki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki