Ku sa mai takin zamani a cikin lissafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na bi muhawarar da masu karatu ke yi a jaridarku kan wanda ya fi kowa tasiri a tarihin ɗan Adam, kuma ina roƙon a ba ni fili in ce wani abu.

Da farko, a cire annabawa daga wannan gasa. Manzon Allah (SAW) ba a ɗora shi a sikeli da kowa, kuma ba ma jiran wani marubuci ya ba shi lamba ta ɗaya kafin mu san darajarsa. Maganarmu kan sauran mutane ce, kuma a cikinsu ni na zaɓi wani Bajamushe masanin kimiyya, Fritz Haber, wanda ya gano dabarar da ake yin takin zamani da ita, wanda kuma ban ga ko mutum ɗaya ya ambace shi ba.

Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12. Tun kafin asuba manyan motoci ke shigowa da tumatir daga fadamun Kadawa da albasa daga Aliero, 'yan dako na sauke kwanduna har gumi ya jiƙe musu riga. Babu kwandon da bai sha yuriya ko NPK ba a gona. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, toka da kashin shanu ya sani, sai roƙon Fulani su kwana a gonarsa bayan girbi. Wannan taki yana da albarka, amma ba zai ciyar da Legas ba, balle duniya.

Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa nitirojin ne, amma hatsi ba ya iya cin sa kai tsaye. A 1909 Haber ya gano yadda za a haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani irin su yuriya da shi, sannan wani Bajamushen, Carl Bosch, ya kai abin masana'anta a 1913. A 1900 mutanen duniya ba su kai biliyan 2 ba, a 2022 suka cika biliyan 8, kuma masana na ƙiyasta cewa kusan rabinsu da wannan taki ake noma abincinsu. Ko masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 a kan wannan dabara take aiki.

Ba na wanke Haber. Shi ne ya jagoranci harba iska mai guba a kan sojoji a Ypres ta Beljiyam a 1915, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci. Amma tambayarku kan tasiri ce, ba kan nagarta ba. Ina roƙon ku sa sunansa a jerin, ku kuma tambayi manoman da ke karanta ku me ke faruwa da gona a shekarar da buhun taki ya gagare su.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Mile 12, Legas.